Fiton Damina a Madarunfa

Mu mutanen Maradi ba a lissafa mu cikin masu hulɗa da jirgin ruwa. Gulbinmu ya taso ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shigo mana, ya ratsa ta gefen Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake karkata Najeriya ya faɗa cikin Rima. Yawancin watannin shekara rairayi ne zalla, amalanken shanu ke ratsa shi, masu ɗibar yashi na yi wa motoci lodi. Amma da damina ta zauna sai ya tashi da ƙarfinsa. Tsofaffi har yau suna ba da labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin fadama, dalilin da ya sa aka tayar da mutane aka maido su kan tudun da birnin yake yanzu. Ta 2024 kuwa ba sai an ba kowa labari ba: kusan mutum 400 ta kashe a faɗin Nijar, jiharmu kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsakanin Yuli da Satumba akwai ƙauyukan da hanyarsu ta kasuwa da ta asibiti ke nutsewa, dole sai fito, su biya kuɗi a tsallakar da su. Galibin masu cika waɗannan jirage kuwa ba su taɓa koyon iyo ba.

Cikin watan Agusta aka aiko cewa ɗiyar gwaggona, wadda ke aure a wani ƙauye a tsallaken tafkin Madarunfa, ta sauka lafiya. Gwaggo ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta je suna. 'Ya'yanta maza duk ba sa gari, rakiya ta faɗo kaina. Ta ɗaure kayan barka cikin babban bokiti, sabulai da turmin atamfa da kanwa da kayan yaji na kunun mai jego, muka kama hanyar tasha da hantsi.

A shingen fita gari jami'i ya tsayar da mu. Direba ya miƙa masa permi da takardar mota da asirans da takardar bizit, wadda ke nuna an duba lafiyar motar. Jami'in ya leƙo ya ƙirga mu da ido, ya zaga ya dubi kayan da ke saman mota, ya ɗaga mana hannu. Ban ce binciken hanya ba shi da nasa aibu ba, kowa ya san yadda wani lokaci ake gama shi. Amma akwai shi. Direba ya san akwai adadin da aka rubuta masa, ya san akwai wanda zai iya ce masa ya sauke. Muka bi ta wajen Jiratawa, gonakin zogale sun yi shar, gero ya fi mutum tsayi a dama da hagu. Madarunfa ba nisa, kimanin kilomita 20 ne kudu da Maradi, kafin Gwaggo ta gama jan carbinta mun iso.

Wanda ya san tafkin da rani kawai zai yi mamakinsa a Agusta. Ruwa ya haura ya shiga gonaki, bishiyoyin da ake zama gindinsu da bazara sun tsaya a tsakiyar ruwa, rassansu cike da balbela. Tafkin nan ba ya ƙafewa, shi ya sa masunta suka daɗe a bakinsa, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A 2019 an sanya shi cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Hanyar ƙasa da ke zagayawa zuwa ƙauyen da za mu je ta yanke a wani kwari, masu kabu-kabu suka ce ko jikka nawa za mu ba su ba za su bi da tsohuwa ta can ba. Suka nuna mana mashigi.

Kwale-kwale uku ne a bakin ruwa, ɗaya ne kan layi. Na tsaya na dube shi da kyau, domin shi zan ɗora gwaggona a kai. Na katako ne, mai shimfiɗaɗɗen ciki, an jera 'yan alluna a gicciye don zama. Katakon ya yi baƙi don daɗewa. A inda alluna biyu suka haɗu an cusa tsumma an shafe da kwalta, a wani wurin kuma an buɗe gwangwanin tumatir an shimfiɗa shi a kan tsaga, an bi gefensa da ƙananan ƙusoshi, har ana iya karanta rubutun jikin gwangwanin. Facin ya yi kyau, hannun da ya yi shi ya san aikinsa. Sai dai na ƙirga irinsa har na bari. Babu lamba a jikin jirgin, babu sunan mai shi, babu inda aka rubuta mutum nawa yake ɗauka. Rigar ruwa ko ɗaya ban gani ba, a cikinsa ko a tudu.

Matuƙin saurayi ne, da doguwar gora a hannu da filafili a gefensa, ga wani yaro ƙanensa riƙe da jarkar da aka yanke wa baki. Dala arba'in ne kowane mutum, kaya kuma a yi ciniki. Aka fara shiga. Mata 'yan suna da goyo a baya, wani malami da allo a jaka, wani ɗan kasuwa mai ƙaramar jakar hannu, yara. Sai ga wani magidanci da buhunan taki da babur. Aka ciccibi babur ɗin aka kwantar a tsakiya, aka jera buhuna a kansa. Taki buhu guda kilo 50 ne. Ina kallo bakin jirgin yana ta kusantar ruwa, mu kuma ba mu ma shiga ba.

Akwai wani dattijo a gindin bishiya yana ɗinkin taru, tun zuwanmu bai ce komai ba sai amsa sallama. Ya ajiye tarun, ya naɗe wando, ya shigo ruwa har gwiwa. Ya ɗora babban yatsansa a bakin jirgin, ya miƙa na tsakiya ƙasa. Tun taƙin bai gama buɗewa ba ruwa ya taɓa yatsan. Ya ɗago kai.

"A sauke babur, a sauke buhu biyu."

Mai takin ya ce, "Haba Baba! Jiya ma da lodin da ya ɗara wanga muka tahi, lahiya lau muka isa."

"Jiya babu iska. Dubi gabas."

"Baba, abin da Allah ya rubuta ai babu makawa."

Malamin nan mai allo ya ce masa, cikin ladabi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Gwaggo kuwa, da ke tsaye da bokitinta, ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri ka jira sahu na biyu. Ni jikata za ni gani." Mata suka goya mata baya. Matuƙin bai ce uffan ba, idonsa na ƙasa, domin kuɗin babur ya fi na mutum biyar, kuma shi ne zai rasa. Aka sauke. Dattijon ya sake gwada taƙinsa, ya gyaɗa kai, ya nuna wa Gwaggo inda za ta zauna, a ƙasa can tsakiya, ya ce kada ta hau allo. Ya koma ɗinkinsa.

Duk binciken da aka yi wa jirginmu ke nan, kuma na yaba da shi. Abin da dattijon ya auna da yatsunsa shi ne ainihin abin da manyan jirage na teku suke da doka a kansa. A Ingila, a ƙarni na 19, masu jiragen kaya sukan yi musu lodin da ya wuce kima, su sa musu inshora, in sun nutse ma'aikata su mutu, mai jirgi ya karɓi kuɗinsa. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har dokar 1876 ta wajabta a zana layi a jikin kowane jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi an yi lodin haram. Da farko an bar wa mai jirgi ya zana layin inda ya ga dama, sai bayan shekaru hukuma ta karɓi ikon faɗin inda za a sa shi, domin an gane wanda ke cin ribar lodi ba shi ya kamata ya yanka wa kansa iyaka ba. Har yau duk jirgin kayan da ya tsaya a tashar Kwatano ko ta Lome yana ɗauke da wannan alama. Bayan nutsewar babban jirgin fasinja Titanic a 1912 kuma aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, wadda ta yi magana a kan jiragen ceto da kayan tsira. Amma waɗannan dokoki na jiragen da ke ratsa teku tsakanin ƙasashe ne. Kwale-kwalen tafki da na gulbi an bar wa kowace ƙasa ta tsara nata. A mashigin da na tsaya, tsarin shi ne wani tsoho da ba a biyansa ko dala, wanda ƙarfinsa bai wuce furfurarsa ba. Ran da ya kwana da zazzaɓi, ko ya tafi jana'iza, babur ɗin nan zai hau.

Muka tashi. Matuƙin ya tura da gora har ƙasa ta ɓace masa, sannan ya koma filafili. Ruwan ja ne, ba a ganin ko tafin hannu a cikinsa. Kusa da ƙafata, ta gefen facin gwangwanin, ruwa yana tsattsafowa a hankali, yana gangarawa ƙarƙashin alluna. Yaron nan bai huta ba tun da muka bar gaɓa: ya kamfata, ya watsar, ya kamfata, ya watsar, ba ya ko ɗaga kai. Shekarunsa ba za su wuce goma ba.

Mun yi nisa sai ruwan cikin jirgi ya jiƙa zanen wata mata. Ta zabura ta miƙe tsaye da goyonta. Nan take jirgin ya karkata wajenta, ruwan da ke ciki duk ya kwararo gefe guda, waɗanda ke ɗaya gefen suka yi salati suka dafa baki za su tashi su ma. Matuƙin ya daka tsawa, "Zauna! Kowa ya zauna!" Wata tsohuwa ta fizgo matar ƙasa. Jirgin ya yi lilo sau biyu ya daidaita. Abin bai ɗauki lokacin karanta Fatiha ba, amma na ga bakin katako ya sumbaci ruwa, kuma na san da babur ɗin nan yana ciki da ya sha.

Yadda kwale-kwale ke kifewa ke nan, ba sai da babbar igiyar ruwa ba. In mutum ya miƙe, nauyi ya hau sama, jirgi ya rasa zamansa. Ruwan da ya taru a ciki kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kamar ruwan da aka ɗauko a faranti mai faɗi, da ka ɗan karkata sai ya ruga can ya ƙara karkatar da kai. In bakin jirgi yana da tazara daga ruwa, zai yi lilo ya dawo. In lodi ya cinye tazarar, lilon farko ne na ƙarshe. Na dubi matan da ke gabana, kowacce da zane biyu da dogon hijabi, ga yaro ɗaure a baya. Tufa in ta jiƙe takan nannaɗe ƙafa da hannu, ko gwanin iyo sai ya yi da gaske. Gwaggo ta riƙe hannuna, ba ta sake shi ba har muka ga tudu.

Ɗan kasuwar nan, da hankali ya ɗan kwanta, ya ce mana wannan wasa ne a kan abin da yake gani a Gaya. Kwatano yake zuwa sayayya, kuma tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin a 2023, matafiya sai su sauka daga mota su shiga jirage masu inji a tsallakar da su kogin Kwara, su kama wata motar a can. Ya ce in ka samu jirgin da ke da rigunan ruwa ka gode Allah, wani lokaci ma rigar igiyarta ta tsinke, sai dai a rataya ta a wuya. Maganarsa ta tuna mini da abin da ya faru a Sambera, a jihar Doso, cikin Fabrairun 2019. Jirgi ya taso daga gefen Benin da mutum fiye da 100 da kayansu za su ci kasuwar Una, ya kife kafin ya kai gaɓa, fiye da mutum 40 suka salwanta. Wannan a ƙasarmu ne.

A maƙwabta kuwa labarin ya fi yawa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba 2021. 'Yan makarantar Islamiyya ne suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi, jirginsu ya nutse a madatsar Watari, aka tsamo gawa 29, yawancinsu yara.  A Agustan 2025 kuma jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato. Goronyo a bakin Rima take, wato ruwan da ya wuce ta bayan gidajenmu a Maradi yana cikin wanda ya ci su. In ka bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, abu guda za ka yi ta tararwa: ranar kasuwa ko ranar biki, tsohon katako, lodi ya wuce kima, ga iska ko duhu, kuma babu mai rigar ruwa.

Mun isa ana kiran azahar. An riga an raɗa suna tun da safe, mun samu rago a wuta da gida cike da mata. Gwaggo ta karɓi jikarta ta yi ta yi mata kirari, ni kuma aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Niyyarmu mu juya bayan la'asar.

Da muka dawo mashigi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke cak, irin ɗaukewar da ke zuwa kafin hadari ya sako. Mutum kusan ashirin ne ke jira, har da mai takin ɗazu, wanda ya samu sahu na biyu ya kai kayansa, yanzu yana son komawa. Matuƙin ya riga ya jawo jirginsa kan tudu ya ɗaure. Aka yi ta roƙonsa. Wani ya ce zai ninka masa kuɗi, wata ta ce ta baro yara su kaɗai a gida, wani ya ce ai kafin ruwa ya sauko an kai. Ya ce shi dai ba zai shiga ba. Wani saurayi ya ce masa matsoraci, ya ce ya ji. Ba a daɗe ba iska ta taso da ƙura da ganye, tafkin da muka ratsa da rana yana kwance ya tashi da farin kumfa, muka ruga cikin gari. Sai bayan isha ruwan ya tsagaita. Kwana ya kama mu.

Da dare na same shi a teburin mai shayi, na saya masa kofi guda, muka zauna. Na ce masa ya burge ni. Ya ce ba don yana da wayo ba ne, mahaifinsa ne ya hore shi da cewa in gabas ta haɗe ko sarki ne ya zo kada ya kwance jirgi, haka in magariba ta yi. Na tambaye shi me ya sa da safe ya bari aka ɗora babur.

"Yaya, jirgin ba nawa ba ne. Kullum akwai abin da zan kai ma mai shi, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wata ukku ne muke samu a shekara. In ni na ƙi ɗauka, na bayana ya ɗauka, gobe mai babur ba ya ƙara nemana."

Na ba shi labarin yadda ake yi a Najeriya. Can akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, kuma dokarta ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce kima, ta wajabta wa kowane fasinja rigar ruwa, ta ce a yi wa jirage rajista. An ɗauki masu sa ido a wasu mashigai, an raba riguna a jihohi. Ya saurara, sannan ya ce, to me ya sa har yanzu kullum rediyo ke faɗin jirgi ya kife a can? Gaskiyarsa. Mashigai sun fi masu sa ido yawa nesa ba kusa ba, kuma dokar da ke Lakwaja ba ta san an kwance jirgi da tsakar dare a wani ƙauyen Kabi ba. Ya ƙara da abin da ya fi damunsa: in aka turo mai dubawa daga birni, tsoronsa kada abin ya zama wani sabon shinge, a karɓi na goro a ba su takarda, katako kuma yana nan yadda yake.

Wannan tsoro na fahimce shi, kuma ba na ganin takarda kaɗai tana tsare rai. Jirgin Joola na Senegal mallakar gwamnati ne, sojoji ke tuƙa shi, an san adadin da aka ƙayyade masa, bai kai mutum 600 ba. Ranar 26 ga Satumba 2002 ya taso daga Ziganshor zuwa Dakar da ninkin wannan har sau uku, ya kife a gaɓar Gambiya cikin dare. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka mutu, fiye da na Titanic. Akwai doka, akwai adadi a rubuce, wanda zai tsaya a bakin tsani ya ce ya isa ne ba a samu ba.

Duk da haka ban yarda a ce tunda bincike yana iya lalacewa a bar mutane haka ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya tsallakar da shi ya ɗauki amana, kuma fasinja ba shi da hanyar sanin ko katakon da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe. Gwaggo ba za ta iya bambance faci mai kyau da marar kyau ba, ni ma haka. Wanda ya iya yana nan a bakin ruwa, muna da sarakunan ruwa da tsofaffin masunta tun kafin zuwan Nasara. Abin da nake so in gani shi ne hukumar gari ta zauna da su kafin ruwan farko, a jawo kowane jirgin fito kan tudu, a kifa shi, a bi shi da tsinin wuƙa allo bayan allo, inda wuƙa ta shige a sauya katako. Wanda ya tsallake a rubuta masa lamba da adadin mutanensa da manyan baƙaƙe a goshi, yadda ko yaro ɗan firamare zai karanta ya ƙirga, a ja masa layi da fenti a inda taƙin dattijon nan yake tsayawa. Sannan a ba dattijon ko magajinsa iko a fili da ɗan abin hasafi daga kuɗin mashigi, yadda in ya ce a sauke, maganarsa ta hau kan jirage ukun gaba ɗaya, ba sai an samu wata gwaggo ta sa baki ba.

Rigunan ruwa suna da tsada ga mai karɓar dala arba'in, shi ya sa nake ganin na mashigi ya kamata su zama, a saya daga asusun gari ko na masu hali, a ajiye su wuri ɗaya, mai shiga ya ɗauka, in ya sauka ya mayar, kuma a samu na yara. Maradi ba ta rasa alhazan da ke gina masallatai da rijiyoyi don Allah ba, wannan ma sadaka ce mai gudana. Kafin a kai ga haka akwai abin da ke kowane gida. Jarkar lita 20 da babu komai ciki, in an ɗaure murfinta tam, tana ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, babban mutum kuwa ba ya buƙatar ko rabin wannan don kansa ya tsaya a sama. Ba za ta maye gurbin riga ba, domin sai an riƙe ta, jariri kuma ba ya riƙo. Amma in an ɗaure guda shida ko takwas a ƙarƙashin alluna da igiya mai sauƙin kwancewa, an samu abin kamawa kafin masunta su iso. Na faɗa wa matuƙin wannan, ya yi shiru yana juya kofinsa, ya ce jarka kam ba ta gagara ba.

Da asuba gari ya waye tas. Waɗanda suka kwana jira sun taru tun kafin rana ta fito, ga kuma sababbi masu zuwa asibiti, har da wata mai ciki da mijinta ke riƙe da ita. A wannan gefen babu dattijo mai taru. Matuƙin da kansa ya tsuguna ya gwada taƙi, ya ce sahu biyu za a yi, mata da marasa lafiya su fara. Aka yi gunaguni, bai kula ba. Gwaggo ta tafi a na farko, na bi a na biyu tare da maza da kaya, yaron nan yana ta kwarfar ruwan da daren jiya ya ƙara wa jirgin.

Da zan biya shi na ce zan aiko masa da gwangwanin fenti da buroshi daga Maradi, ya ja layin a jirginsa.

Ya ce, "Aiko, Yaya, na gode. Amma ka haɗo da wanda zai ishi jirgi ukku, kuma ka bari sai na yi magana da Baba ya tara masu su. In nawa kaɗai ke da layi, masu kaya wajen sauran za su koma."

Na karɓi lambar wayarsa, muka yi sallama, na ɗauki bokitin Gwaggo, wanda aka cika mata da naman suna da ɗanyar gyaɗa, muka nufi tasha.